Kwamfutata ta yi nauyi, me zan kashe a Windows 10?

Abu_Shago:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Laftof ce mai Windows 10, Core i3, RAM 4GB, da hard disk irin na da mai juyawa. Daga kunnawa zuwa ta natsu sai ta ci kusan minti biyar, in na buɗe Chrome da Word tare kuwa sai ta sandare. An ce akwai abubuwan Windows da ke aiki a ɓoye waɗanda ba dole ba ne. Waɗanne zan kashe ba tare da na yi ɓarna ba?

Mai_Gyara:
Wa alaikumus salam Malam Abu. Kafin ka taɓa komai, rubuta Create a restore point a wurin bincike na Start ka ajiye ɗaya, wato ajiyar saitin Windows yadda yake a yanzu. In abu ya kwaɓe, nan za ka koma.

Sai ka danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe. Ka duba layin Disk da na Memory lokacin da take nauyin. A irin taka, galibi Disk ne zai tsaya cak a kashi 100 da jan launi, alhali CPU na hutawa. Faifan, wato hard disk ɗin, shi ake yi wa rubdugu, kowace manhaja na jiran layinta.

Shiga Startup a nan cikin Task Manager. Duk abin da aka rubuta wa High impact kuma ba ka buƙatarsa da zarar ka kunna, kamar Teams, Spotify, ko OneDrive in ba ka ajiya a cikinsa, ka yi masa Disable. Ba gogewa ka yi ba, yana nan, sai ka kira shi zai zo. Wannan kaɗai ya fi duk sauran tasiri wajen kunnawa.

Daga nan danna maɓallin Windows da R tare, rubuta services.msc, nemo SysMain, wanda a da ake kira Superfetch. Aikinsa ya riƙa loda manhajojin da ka saba buɗewa cikin RAM, ma'ajiyar wucin gadi mai sauri, tun kafin ka nema. Dabara ce mai kyau, amma a faifai mai juyawa da 4GB yakan zama shi ne mai tare hanya. Ka tsayar da shi ka gwada kwana biyu. In babu bambanci, mayar da shi. Windows Search ma yana sassaƙar faifai yana jera sunayen fayiloli. In ka kashe shi faifan zai huta, sai dai neman fayil zai yi jinkiri, binciken Outlook ma haka.

Hajiya_Data:
Ƙari a kan na Mai_Gyara: danna Windows da R, rubuta sysdm.cpl, ka shiga Advanced, Settings na ƙarƙashin Performance, ka zaɓi Adjust for best performance. Amma ka mayar da alama a kan Smooth edges of screen fonts, in ba haka ba rubutu zai koma kamar tsagen kaza ya gajiyar da ido. A cikin Settings na Windows kuma, ka kashe Transparency effects a Colors, da Background apps a Privacy. A Delivery Optimization kuma ka rufe Allow downloads from other PCs, don kada ta riƙa raba wa wasu kwamfutoci sabuntawa da datarka.

Injiniya_Bello:
Ni gargaɗi zan yi, don jerin "kashe wannan, kashe wancan" da ke yawo a intanet ya jefa mutane da dama cikin wahala. Kada ka taɓa DHCP Client, intanet zai ɗauke. Windows Audio, sauti ya tafi. Print Spooler, firinta ta daina aiki. In za ka yi amfani da msconfig, akwatin da ake zaɓar abin da zai tashi tare da Windows, fara sa alama a Hide all Microsoft services. Page file kuwa, wato wurin da Windows ke ara a faifai in RAM ta cika, da 4GB kashe shi ganganci ne: RAM na cika manhajoji za su fara rufe kansu. Defender, riga-kafin birus na Windows, shi ma ka bar shi. Abin cirewa shi ne riga-kafi na biyu in akwai.

Akwatin nan na Turn Windows features on or off kada ka sa masa rai. Yawancin abin da ke ciki ba ya cin komai sai an buɗe shi.

Malam Abu, ka kuma sa hannu a bakin fanka. In iska mai zafi ce ke fita da ƙyar, ƙurar hunturu ta toshe, kuma processor kan rage gudunsa da kansa in ya yi zafi. Ka tabbata ba a Power saver take ba. Sannan ka riƙa yin Restart, domin Shut down a Windows 10 ba ya wanke komai sarai saboda Fast startup, tsarin da ke ajiye wani ɓangare na Windows don ta tashi da sauri.

Abu_Shago:
Allah ya saka da alheri. Na kashe guda bakwai a Startup da SysMain, yanzu minti biyu take tashi. Amma Disk yana taɓa 100 in na buɗe Chrome.

Mai_Gyara:
To nan iyakar kashe-kashe ke nan, saura faifan kansa. Mai juyawa na laftof da ƙyar yake wuce 100MB a daƙiƙa, SSD, faifan da ba ya juyawa, na SATA mai inci 2.5 kuwa yana kai 500MB, kuma ramin ɗaya suke shiga. Sa SSD mai 256GB, ka ƙara RAM zuwa 8GB in akwai gurbi; Task Manager zai nuna maka Slots used a ƙarƙashin Memory. Ka kuma tuna Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, don haka kafin ka sake lodi a sabon faifan, duba ko injin zai ɗauki Windows 11.