Albarushin da ya daɗe a ajiye: a yi aiki da shi ko a rabu da shi?

Ɗanlami, Rigasa:
Salamu alaikum. Manya, ta yaya ake gane albarushin da ya lalace?

Baba Audu, Kawo:
Wa'alaikumus salam, ɗana. Fara sanin wanne ne a hannunka, don iri biyu ne. Baƙin albarushi na bindigar toka ba ya tsufa in dai a bushe yake, danshi ne maƙiyinsa. Gishirin cikinsa yana jan laima, musamman a watan Agusta, sai ka ga ya dunƙule kamar sukarin da ya sha iska. Irin wannan yakan yi jinkirin tashi: ka ja kunama ka ji shiru, sai daga baya ya tashi. In haka ta faru, bar bakin bindiga yana kallon inda ba kowa, ka jira minti 1 cur. Kada ka leƙa. Dunƙulen kuma ba a daka shi da ƙarfe, ba a shanya shi kusa da murhu.

Injiniya Sani, Kakuri:
Baba ya yi gaskiya, amma na zamani marar hayaƙi, wanda ke cikin harsashi, halinsa daban. Shi da kansa yake ruɓewa, zafi kuma yana gaggauta hakan. Ɗakin kwano a watan Maris da Afrilu bai dace da shi ba sam. Buɗe gwangwanin da aka ajiye shi a ciki nesa da fuskarka. Mai kyau yana da ɗan ƙamshi mai kama da na tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi. Wanda ya lalace warinsa mai tsami ne, yana hawa hanci. Zuba kaɗan a farar takarda: in ka ga ƙura ja kamar tsatsa, ko cikin murfin ya yi tsatsa alhali wajensa fes, aikinsa ya ƙare. In gwangwanin ya yi ɗumi da kansa, wannan na iya kamawa da wuta ba ashana. A fitar da shi waje, a nisanta yara, a sanar da 'yan sanda.

Malam Haruna, Tudun Wada:
Kuma kada na zamanin nan ya shiga bindigar toka ko da cokali ɗaya ne. Ƙarfinsa ya fi ƙarfin bututun, hannun mutum yake tafiya da shi. Gwangwanin da rubutunsa ya goge, ba a cankarsa da ido, ba a haɗa shi da wani.

Ɗanlami:
To baƙin da ya dunƙule fa, Baba?

Baba Audu:
Zuba shi a bokitin ruwa, ka motsa da ice, gishirin ya narke, sannan ka watsa shi a fili nesa da rijiya.