Masu sassaƙa lofe, yaya kuke ciki da itacen biraya a bana?

Masassaƙi a Liyon: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son jin ta bakin duk mai harka da biraya, itacen da muke sassaƙa lofe da shi. Kayan da na saro kwanan nan sun daɗe a hanya, da suka iso kuma na ɗaga gunduwa ɗaya na ji nauyi, alamar ba ta gama bushewa ba. Wata kuma zanenta ya yi kyau ƙwarai, ina dab da kammala kan lofen sai ga ramin yashi, ɗan baƙin ɗigo wanda in ka bi shi da wuƙa sai ƙara zurfi yake. Ni kaɗai nake gamuwa da wannan?

Mai zarto a Kalabiriya ta Italiya: Wa alaikumus salam, Malam. Ba kai kaɗai ba ne, kuma ni a gabana abin yake faruwa, don a wurin yankan nake aiki. Ƙarancin kaya ne ya jawo haka, amma itacen bai ƙare a kan duwatsu ba, masu haƙowa ne suke ƙarewa. Abin da ake yin lofe da shi ƙullutu ne da ke tsakanin saiwa da gindin wani ɗan itace, Erica arborea, kuma sai ya shekara 30 ko fiye kafin ya kai girman da za a yanka. Da diga ake haƙo shi, a lokacin sanyi, a gangaren da mota ba ta shiga. Dattawan da ke kawo mana duk sun manyanta, 'ya'yansu sun tafi Milano ko Jamus neman aiki mai sauƙi. Wa zai ga laifinsu?

In ƙullutun ya iso, sai mu tara shi muna yayyafa masa ruwa kada ya tsage kafin a yanka. A yanka, a dafa gunduwoyin a tukunya wuni guda ko kusa da haka don ɗacin ya fita, sannan a shanya a inuwa wata da watanni, mai kyau ma sai ya haura shekara. To nan gizo ke saƙar. Masu saye suna jira, kaya sun yi kaɗan, sai wasu su fitar da shi kafin lokaci. Manyan gunduwoyi na ɓangaren ɓawo, masu miƙaƙƙen zane, tun kafin su bushe an riga an kama sunansu.

Mai gyaran tsofaffin lofe, Annaba: Gaskiyarka, ɗan'uwa. Ni tsofaffi nake gyarawa, kuma hannu yana gane bambanci. Waɗanda aka yi da birayar Aljeriya ta da, babu nauyi, ga taushi a bakin wuƙa. Masana'antun garin Saint-Claude na Faransa sun dogara da ita sosai har yaƙin 'yanci na 1954 zuwa 1962 ya dagula cinikin. Gobarar dajin Kabiliya a Aljeriya ta 2021 ma ta tsorata mutane, amma ƙullutun yana ƙarƙashin ƙasa, yakan sake toho bayan wuta.

Baƙo daga Amurka: Ai ƙarancin ba yau ya fara ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da hanyar Bahar Rum ta toshe, masana'antun nan sun koma kan itacen manzanita na Kalifoniya da wasu itatuwan dutse na Karolina ta Arewa. Yaƙi na ƙarewa suka dawo wa biraya. Ni na gwada zaitun, ƙamshinsa da daɗi, amma yana saurin tsagewa. Abin da ke ci mini rai shi ne masu cike ramin yashi da wani kwaɓi su shafe da launi mai duhu. Mai saye ba ya gani sai an sha lofen, itacen ya yi duhu, cikon ya tsaya fari-fari kamar tabo. Gara a sa inji ya feshe lofen da yashi ya fito da ƙurji-ƙurji, a sayar a farashinsa na gaskiya.

Masassaƙi a Liyon: Allah ya saka da alheri. To Malam mai zarto, waɗannan ɗanyun da ke hannuna fa, yaya zan yi da su?

Mai zarto a Kalabiriya: Kada ka kai su rana, kada ka ajiye kusa da na'urar ɗumama ɗaki, za su fashe. Jera su a kan katako inda iska ke ratsawa, ka auna kowace a sikeli ka rubuta nauyin a jikinta da fensir. Ka riƙa aunawa duk wata. Sai nauyin ya daina sauka sannan ka huda.