AutoCAD ya ƙi shiga kwamfutata, don Allah a taimaka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana uku ke nan ina fama da sanya AutoCAD 2024, manhajar zanen gine-gine, a kwamfutar tebur. Karon farko ya kai rabi aka ɗauke wuta, ga shi ba ni da UPS (batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta). Tun daga nan duk gwajin da na yi sai ya tsaya, ya nuno lambar kuskure 1603.

Windows 10 ce mai 64-bit, RAM 8GB, wurin ajiya kuma akwai isasshe. Na kashe antibairos, na share Temp (fayilolin wucin gadi), na buɗe shi a matsayin admin, shiru kake ji. Ko ragowar na farkon ne ya maƙale a Registry, inda Windows ke ajiye saitunanta? Tsoron taɓa wurin nake, kar garin neman gira a rasa ido. Ranar Litinin zan miƙa zanen gidan mutane. Wa ya taɓa cin karo da wannan?