Likita ya ce a yi ma dana aikin tumbi saboda amai, ku ba ni shawara

Maman Abba, Kofar Kaura:
Assalamu alaikum yan uwa. Dana shekarar shi 4, yana da galahanga, wato lalurar kwakwalwa mai shafar motsin jiki, tun shawarar da ta kama shi yana jariri, to duk abinda ya ci sai ya dawo ko da kunu ne, wani lokacin har ta hanci, ga kwarewa ga tari cikin dare, nimoniya kuma ta ki barin shi kullum muna asibiti. An dade ana ba shi omeprazole, yanzu likita ya ce a fara tunanin aiki, baban shi kuma ya ce atafau ba mai yanka mai yaro.

Nas daga Daura:
Wa alaikumussalam Maman Abba, Allah ya ba shi lafiya. Omeprazole zafin ruwan ciki kawai yake ragewa, baya hana abinci hawowa, kuma hatsarin shine abincin ya bi hanyar iska ya fada huhu, nimoniyar kenan. Aikin ana ce mai Nissen, sunan likitan da ya fara shi wajen 1955, ana kama saman tumbi a nade shi a kasan makoshi sai wurin ya matse. Yawanci a lokacin ake sa robar ciyarwa ta ciki. Amma fa in hadiyar ce ba ta da kyau aikin baya gyara wannan, ko yawu zai iya kware shi, shi yasa sai an yi hoto da gwajin hadiya tukunna. Ki nemi a tura ku wajen likitan tiyatar yara, akwai su a asibitin Malam Aminu Kano da na Shika.

Baban Ummi:
An yi ma diyata, gaskiya ta yi kiba kuma mun samu barci, amma kada a ce maki shikenan an rabu. Gyatsa ta zama wahala, ciki ya kumbura, ta yi ta yunkurin amai ba abinda ke fitowa, sai da muka koma kadan kadan ta roba. Kuma sun gaya mana tun farko a irin yaran nan nadin yana iya kwancewa a sake aiki.

Hajiya Batagarawa:
Kafin nan dai diyata ki rika kaurara mai kunun, ki zaunar da shi in zai ci, kada ya kwanta da ya gama. Dura kuma a daina dan Allah. Maigidan ki ja shi ku je tare ya ji da kunnen shi.

Maman Abba:
Na gode kwarai. Baban Ummi robar nan ku kuke wanke ta a gida ko sai an koma asibiti?