Tsakiyar ƙasa da fuskar rana: da gaske zafinsu ɗaya ne?

Ɗalibi daga Aboabo:
Assalamu alaikum, malamai da yayye. A ajinmu na sakandare an gaya mana cewa zafin tsakiyar ƙasa ya yi kusan daidai da na fuskar rana, wato wajen digiri 5,500 a ma'aunin Salshiyas, kuma tun daga ranar abin yake ɗaure mini kai. In haka ne, me ya hana ƙasa haskawa kamar rana, kuma me ya sa aka ce ƙarfen da ke can bai narke ba?

Malamin kimiyya, Asawase:
Wa alaikumus salam, ɗana. Malaminku bai yi kuskure ba, sai dai ya gwada wurin da ya fi zafi a ƙasa da inda zafin rana ya yi sauƙi ƙwarai. Tsakiyar rana tana kai digiri miliyan 15, kuma a nan ne tsananin matsi yake haɗe ƙwayoyin haidurojin su koma hiliyam, abin da ke haifar da haske da zafin da muke samu. Ƙasa ba ta da nauyin da zai kunna irin wannan wuta. Zafinta ragowar na lokacin samuwarta ne, shekaru kusan biliyan 4.5 da suka wuce, tare da wanda sinadarai irin su yuraniyam suke saki sannu a hankali. Ka ɗauke ta kamar garwashin da aka binne cikin toka, sai dai tokar a nan dutse ne mai kaurin kilomita 2,900, shi ya sa ba ka ganin jan wutar.

Game da ƙarfen kuwa, kashi biyu ne. Na waje narkakke ne, kuma motsinsa ne ke samar da maganaɗisun ƙasa, amma na can ciki ya daskare duk da ya fi zafi, saboda matsin da ke kansa ya ninka na iskar da muke shaƙa fiye da sau miliyan 3. Wata masaniya 'yar Denmak, Inge Lehmann, ita ce ta gano wannan kashi na can ciki a 1936 ta hanyar nazarin girgizar ƙasa.

Tsohon ma'aikacin haƙar zinariya, Obuasi:
Malam ya yi bayani, Allah ya saka da alheri. Mu da muka shiga rami mun san zafin nan a jikinmu, domin kowace kilomita ɗaya tana ƙara kimanin digiri 25. A Kola ta ƙasar Rasha an haƙa mita 12,262, aka tarar da digiri 180. Amma ƙanena, kada ka ninka wannan lissafi har tsakiya, domin da haka yake tafiya da zafin ya haura digiri 150,000. Ƙaruwar tana raguwa sosai idan aka nutsa.

Ɗaliba a jami'ar KNUST, Kumasi:
Baba, na gode da wannan gargaɗi. Abin da zan ƙara shi ne, zafin ƙasa yana raguwa ne a jere daga ciki zuwa waje, ita kuwa rana ta saɓa wa wannan tsari, domin siririyar iskar da ke kewaye da ita, wadda ake gani idan ta yi husufi cikakke, tana wuce digiri miliyan ɗaya. Neman dalilin haka yana cikin abubuwan da suka sa Amurka ta harba kumbon Parker a 2018.