Neman shawara: zan zauna jarrabawar ASTB ta matuƙan jiragen sojan ruwan Amurka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar soja a nan Amurka. Na gama digiri a fannin tattalin arziki, ina da takardar zama ɗan ƙasa, kuma tun ina yaro ba ni da buri irin tuƙin jirgin sama. Kuɗin makarantar tuƙi ta farar hula ya fi ƙarfin gidanmu, shi ya sa na nufi rundunar sojan ruwa. Hafsan da ke karɓar masu nema ya ce matakin farko shi ne jarrabawar ASTB-E, wadda sojojin kundumbala na Marin da masu gadin gaɓar teku su ma suke amfani da ita.

Ga damuwata. Rabona da lissafi na gaske tun sakandare, kuma aikin dare nake yi a wani sito. Wani abokina ya ce in je wata mai zuwa in gwada kawai in ga kamanninta, in ban samu ba in sake. In bi maganarsa? Da me zan fara? Sannan sashen nan da ake ba mutum sandar tuƙi a hannu, ana koyonsa ne ko baiwa ce?

Wani tsohon sojan ruwa daga Norfolk:

Wa alaikumus salam ƙanena. Abokinka da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma kada ka bi. Sau uku kacal aka yarda mutum ya zauna wannan jarrabawa a duk rayuwarsa, kuma tsakanin zama da zama sai an jira kwana 30. Wanda ya fi wannan muhimmanci: makin zaman ƙarshe shi ne naka, ko da na baya ya fi shi. In ka ci da kyau ka koma neman ƙari ka faɗo, wanda ka faɗo ɗin ne zai je gaban kwamitin zaɓe. To ka ga babu zaman gwaji a nan. Kada ka karɓi rana sai ka shirya.

Sassa uku na farko, wato lissafi da fahimtar karatu da sanin aikin injuna, su ne ke ba da makin OAR, wato makin cancantar zama hafsa, daga 20 zuwa 80. Masu neman muƙaman hafsa da ba na jirgin sama ba iya nan suke tsayawa. Kai kuwa akwai wasu maki uku a gabanka, kowanne daga 1 zuwa 9: AQR da PFAR da FOFAR. AQR na ƙarfin karatu ne, PFAR ne na matuƙi, FOFAR na hafsan da ke cikin jirgi yana kula da na'urori da makamai. Ka tambayi hafsan nan abu biyu: mafi ƙarancin makin da ake karɓa bana, da makin mutanen da aka ɗauka a zaɓen baya-bayan nan. Tsallake ƙaramin maki ba shi ne a ɗauke ka ba.

Wata malamar lissafi:

Ɗana, lissafin ba shi da zurfi sosai, sauri yake so. Minti 40 ne, babu kalkuleta, sai takarda da fensir. Kuma kwamfutar bin sawunka take yi: ka amsa daidai ta ƙara wuya, ka kuskure ta sassauta. Ba a tsallake tambaya, ba a komawa baya. Don haka in ka ga tambayoyin suna ƙara tauri kada gabanka ya faɗi, alama ce kana tafiya daidai.

Daga yau ka ajiye kalkuletar waya. Ka fara da rabawa da ninkawa da hannu, da kaso cikin ɗari, sannan aljabara, lissafin gudu da nisa da lokaci, kusurwa da da'ira, yiwuwar faruwar abu, ka taɓa logaridim daga ƙarshe. Ga irin abin da nake nufi: ma'aikaci ɗaya yana gama aiki a awa 3, wani a awa 6, in sun haɗu fa? Na farko yana yin sulusin aikin a awa guda, na biyu sudusi, ka haɗa ka sami rabi, amsa awa 2. Irin wannan sai ya zama kana warware shi kafin ka gama karanta zaɓin amsoshin. Tunda aikin dare kake yi, rabin awa kullum bayan ka tashi barci ya fi maka yinin Lahadi guda kana gyangyaɗi a kan littafi.

A sashen karatu, minti 30 ne, ka zaɓi abin da sakin layin ya faɗa da kansa. Za su saka maka amsar da gaskiya ce a duniya amma ba ta cikin rubutun, nan mutane ke zamewa.

Wani da ya zauna jarrabawar:

Ɗan'uwa, ni kan tambayarka ta ƙarshe zan tsaya, don nan ne littafi ba ya kai mutum. Ana koyonsa, ƙwarai kuwa.

Da farko za a nuna maka taswira da jirgi maras matuƙi ya fuskanci wata kusurwa, sai a nuna maka abin da kyamararsa ke gani, filayen ajiye motoci huɗu kewaye da gini, a ce nuna na arewa ko na yamma. Ana auna daidai, ana auna sauri. Dabarar da kowa ke yi: ka zana kamfas a ƙaramar takarda, ka dafa tsakiyarta da fensir, ka juya ta har inda jirgin ya fuskanta ya koma sama. Ka maimaita a gida har hannunka ya riƙa juyawa kafin ka yi tunani.

Daga nan sai hedifon. Murya daban a kunnen dama, daban a na hagu, haruffa da lambobi a cakuɗe, a ce ka saurari kunne ɗaya kawai, ka danna wani maɓalli in lambar mai rabuwa biyu ce, wani in ba ta rabuwa. Sai a ba ka totur a hannun hagu ka bi wani ɗan jirgi sama da ƙasa, a ba ka sanda a dama ka bi wani da ke yawo ko'ina a allo. Sandar irin ta jirgi ce, ka tura gaba alamar da kake bin jirgin da ita a allo ta yi ƙasa, ka ja baya ta yi sama. Can sai a haɗa maka duka lokaci guda, kamar mai tuƙa tuwo da hannu ɗaya tana fifita wuta da ɗayan, ana kuma kiranta daga ɗaki biyu. A ƙarshe a jefo matsalar gaggawa, wuta ko inji ko farfela. Matakan da aka nuna maka kafin a fara, ka rubuta su a takardarka.

Kowa yana fitowa da jin cewa ya lalata wannan sashe. An gina shi ne don ya fi ƙarfin mutum, ana duba wanda ba ya sakin komai in abu ya cakuɗe. In da hali ka sayi sanda da totur na wasan kwamfuta, samfurin X52 shi ne wanda aka saba gani a ɗakin jarrabawar, ko na hannu ne.

Wani ɗan'uwa daga Bronx:

Ni ban ga dole sai ya kashe kuɗi ba. Yaron nan aikin sito yake yi. Ya ari na wani, ko ya juya saitin wasan da yake da shi sama ta koma ƙasa, hannu zai saba. Kuɗin ya ajiye.

Tsohon sojan ruwan ya dawo:

Aro ma ya isa, babu laifi. Na manta sashen sanin jiragen sama da na ruwa, minti 15 ne kuma nan ne maki mafi araha. Hukumar FAA mai kula da harkar jiragen sama a Amurka ta saka littafinta na ilimin matuƙa kyauta a intanet, ka karanta babukan farko: ƙarfi huɗu da ke aiki a kan jirgi, da abin da ke sa shi ya kifa gefe ko ya ɗaga hanci. Ka san titin jirgi mai lamba 27 yamma ya fuskanta, digiri 270. Fitilar hagun jirgi ja ce, ta dama kore. Mil ɗin teku mita 1,852 ne. A saman jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen yaƙi kowa da launin rigarsa: ni shunayya na sa, mu ne masu zuba mai, ja na masu makamai ne, rawaya na masu ba jirgi hannu. Tarihi ma yana fitowa, irin yaƙin Midway na Yunin 1942 da Chuck Yeager da ya zarce gudun sauti a 1947. Sashen halayya kuwa, inda za a ba ka jimla biyu ka zaɓi wadda ta fi kama da kai, wani lokaci duka biyun ba daɗi, ba a karanta masa komai. Faɗi gaskiya ka wuce.

Wani matashi daga Kano:

Yaya, mu da muke gida za mu iya nema?

Tsohon sojan ruwan:

A'a ƙanena. Muƙamin hafsa sai ɗan ƙasa mai digiri. Ko mai katin zama na dindindin ƙaramin soja kawai zai iya shiga.

Wani dattijo:

Yaro, duk sun ba ka na jarrabawa, ni ga nawa. Ka je likitan ido tun yanzu ya duba maka ganin launi da hangen zurfi, domin a Pensacola ta jihar Florida za a yi maka binciken lafiya mai tsanani, har tsawon zamanka a kujera sai an auna. Ka koyi iyo sosai, yaranmu da yawa ba su iya ba. Kuma ka sani matuƙin sojan ruwa yana ɗaukar alƙawarin shekara 8 bayan an liƙa masa fukafukai, wato bajen gama horon tuƙi, kuma rundunar ce ke da maganar ƙarshe a kan irin jirgin da zai tuƙa da inda za a tura shi. Wannan aikin soja ne da duk abin da ke cikinsa. Ka zauna da mahaifiyarka ka faɗa mata haka ɓaro-ɓaro, ka yi istihara.

Mai neman shawara:

Na gode Baba, na gode Malama da yayyena, Allah ya saka da alheri. Hajiya ta san ina nema, amma maganar shekara 8 ban kai mata ba, zan same ta ranar Juma'a. Na fasa zuwa wata mai zuwa. Malama, ta yaya zan gane na isa in karɓi rana?

Malamar lissafi:

Ka sa agogo, ka yi cikakkiyar jarrabawar gwaji ba kalkuleta, a lokacin da za ka zauna ta gaske, wato da safe. In ka yi haka a makonni daban-daban kana gamawa cikin lokaci, kuma kurakuranka ba iri ɗaya suke maimaituwa ba, kira hafsan. Ka nemi hutun daren da ke gabanta a wurin aiki tun da wuri. Tambayoyin da suka ba ka wuya ka turo su nan mu warware tare.