Maganin yanka da karaya a wurin ƙabilun Naga

Tambaya: Jama'a, me masu maganin gargajiya na Naga, can arewa maso gabashin Indiya, suke sa wa sabon yanka?

Amsa ta 1: Malam, ganyen Mikania, wata ciyawa mai yaɗo. A tsinko ɗanye cikin tafin hannu, a murtsuke har koren ruwan ya fito, a matse a kan yankan, a ɗaure tare da ganyen da aka murtsuke. Busasshe ba ya yi, ruwan ake nema.

Amsa ta 2: Amma a fara wanke ciwon. In aka rufe shi da ƙasa ciki, ruɓewa zai yi. Mai zurfi kuwa, sai asibiti.

Amsa ta 3: Karaya kuma da tsagin gora suke ɗorawa. In ɗaurin ya matse, yatsu su kumbura su yi sanyi, a sassauta nan take.